CD73: Sinadarin da Ke Kare Jijiya, Yake Kuma Tsananta Sikila

Ya ku masu sauraronmu na Milezi da Farcha da sauran unguwannin Njamena, da 'yan uwa da ke kama mu a ƙetaren kogin Shari. Shirin faɗakarwarmu na yau a kan wata ƙwayar gado ce guda ɗaya daga cikin kusan 20,000 da Allah Ya shirya a jikin ɗan Adam. Masana suna kiranta NT5E, sinadarin da take sa jiki ya ƙera kuma suna kiransa CD73. Sunayen ba su da daɗin faɗa, ba kuma wanda zai ce ku haddace su. Sai dai wannan sinadari yana da hannu a barcin da ke kwashe mutum bayan wunin aiki, da wartsakewar da yake ji in ya ɓantari goro, da azabar da yaro mai sikila ke sha idan ciwonsa ya tashi. Hujjar da nake son kafawa ita ce, sinadarin nan kariya ne a wani sashe na jiki kuma fitina ne a wani sashen, a jikin mutum ɗaya, a lokaci ɗaya. Saboda haka duk maganin sikila da ba a auna shi a jikin marasa lafiya ba, ko daga jakar mai tallar magani ya fito, ko daga labarin wani binciken Turai da aka gani a waya, bai isa a ɗura wa yaro ba.

Mu fara daga tushe. Jikin mutum tarin ƙananan ƙwayoyin halitta ne da ido ba ya gani, kowace da siririyar fatar da ta kewaye ta. A cikin kowace ƙwaya akwai wani sinadari da ake kira ATP, wanda wani Bajamushe, Karl Lohmann, ya gano a 1929. Yana cikin dangin sinadaran da ake kira niyukiliyotaid, kuma ƙirarsa mai sauƙin faɗa ce: adinosin guda ɗaya ne da aka jera wa fosfat uku a jela. Da ATP tsoka ke motsi, da shi ƙwaƙwalwa ke aiki, har an ƙiyasta cewa abin da jikin baligi ke ƙerawa yana kashewa a wuni ɗaya ya kusa nauyin jikin nasa. Wannan aikinsa ne a ciki. In ƙwayar ta fashe, ko aka murƙushe ta, ko iskar oksijin ta yanke mata, sai ATP ya zubo waje, a nan kuma ma'anarsa ta sauya. Ya zama kamar ihun gobara a unguwa: kowa ya fito a guje da bokiti, fararen ƙwayoyin jini su taru, wurin ya kumbura, jini ya fara daskarewa. Taron nan yana da amfani muddin wutar na ci, amma dole a samu mai cewa wuta ta mutu, kowa ya koma gida, in ba haka ba masu kashe gobarar ne za su rushe gidan. Sinadarai biyu ke wannan aiki, dukansu a maƙale a bayan fatar ƙwayar halitta. Na farko, CD39, yana yanke fosfat biyu. Na biyu, CD73, yana yanke na ƙarshen, sai adinosin ya rage shi kaɗai, saƙonsa kuwa shi ne a lafa. Wani Bature ɗan Ingila, Geoffrey Burnstock, tun 1972 ya ce ATP yana isar da saƙo a wajen ƙwayar halitta, abokan aikinsa suka daɗe suna musa masa kafin hujja ta tilasta su yarda. Ita ƙwayar gadon NT5E tana kan kuromosom na 6 cikin tagwayen kuromosom 23 da kowa ke ɗauke da su, kwafi ɗaya daga uba, ɗaya daga uwa.

Adinosin ba ya aiki sai ya sami inda zai sauka. Akwai makarɓa iri huɗu a jikin ƙwayoyin halitta da ke amsar saƙonsa, A1 da A2A da A2B da A3, kuma ku riƙe wannan domin duk rikicin da za mu tattauna a nan yake. A zuciya yana rage bugu. Drury da Szent-Györgyi sun nuna haka a Kambirij tun 1929, yau ma likitoci na yi wa mai wani irin saurin bugun zuciya allurarsa, ya yi aikinsa ya ɓace daga jini cikin daƙiƙoƙi kaɗan. A ƙwaƙwalwa kuwa, yana taruwa muddin mutum na farke, wani kaso nasa ta hannun CD73, har ido ya fara nauyi. Ga mai shayi a bakin titi, ya ɗaga buta sama yana tsiyaya shayi a ƙaramin kofin gilashi, ya mayar, ya sake tsiyayawa har kumfa ta tashi. Ga dattijo ya ɓare jan goro ya miƙa wa na kusa da shi ɓari. Abin da ke cikin kofin da ɓarin goron nan shi ne kafeyin, kuma ƙirarsa ta yi kama da ta adinosin, shi ya sa yake zama a makarɓansa ya tare wurin ba tare da ya isar da saƙon ba. Gajiyar tana nan, adinosin yana ci gaba da taruwa, ƙwaƙwalwa ce kawai aka toshe wa kunne. Bayan kamar awa 5 jiki ya kawar da rabin kafeyin ɗin, saƙon da aka tare ya shigo gaba ɗaya. Direban da ya tashi daga Njamena zuwa Abeche yana dogaro da goro ya kamata ya san ramuwar barci tana jiransa, kuma ba ta neman izini kafin ta zo.

To me zai faru in mutum ya rasa CD73 ɗungurum? An sami amsar a 2011, lokacin da masu bincike na Cibiyoyin Lafiya na Ƙasa a Amurka, ƙarƙashin William Gahl da Manfred Boehm, suka wallafa labarin wasu 'yan uwa biyar, uwa ɗaya uba ɗaya, da wasu iyalai biyu. Kukansu ciwon ƙafa ne in sun yi 'yar tafiya, da ciwon gaɓoɓin hannu da ƙafa. Da aka ɗauki hoto sai aka ga jijiyoyin jinin ƙafafunsu sun sandare da kalsiyam, sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi, har jini na neman wasu ƙananan hanyoyi ya zagaya. Dalilin shi ne kwafi biyun NT5E da suka gada duk sun lalace. Babu CD73, adinosin ya yi ƙaranci a bangon jijiya, wani sinadarin da adinosin ke danne wa ya samu sake, ya cinye abin da ke hana kalsiyam daskarewa a inda ba wurinsa ba. Iyayen 'yan uwan nan biyar dangin juna ne na nesa, kowannensu na ɗauke da kwafi ɗaya lafiyayye da ɗaya lalatacce, kuma su kansu ba su kamu ba. A ƙasar da auren zumunci yake abin so, wannan lissafi ne da ya kamata a sani ba tare da an zagi al'adar kowa ba: dangi sun fi bare yiwuwar ɗaukar lalataccen kwafi iri ɗaya. Cutar kanta ba ta da yawa, iyalai ƙalilan aka sani da ita a duniya. Amfaninta gare mu shi ne ta nuna a jikin mutane, ba na ɓera ba, cewa CD73 mai tsaron jijiya ne.

Yanzu mu zo ga ciwon da muka sani a gidajenmu, amosanin jini ko sikila, wanda likitocinmu ke rubutawa drépanocytose a takardar asibiti. Tushensa wata ƙwayar gado ce daban, a kan kuromosom na 11, wadda ke ƙera himogulobin, sinadarin da ke ɗaukar oksijin a cikin jajayen ƙwayoyin jini. Harafi ɗaya ne ya sauya a rubutunta. Mai kwafi ɗaya, wato AS, yawanci lafiyarsa lau, har ma yana da kariya daga mummunan zazzaɓin cizon sauro, kamar yadda Anthony Allison ya nuna a 1954, shi ya sa gadon ya yaɗu a ƙasashen sauro irin namu. Mai kwafi biyu, SS, shi ne himogulobin ɗinsa ke manne wa juna da zarar ya saki oksijin, ƙwayar jinin ta lanƙwashe ta yi siffar lauje, ta toshe ƙananan jijiyoyi, ta mutu cikin kwana 10 zuwa 20 maimakon kwana 120. Iyaye mata sun fi kowa sanin kamanninsa: jariri ɗan wata shida ko takwas, bayan hannunsa da ƙafarsa sun kumbura sun yi zafi, ba ya yarda a taɓa shi, farin idonsa ya koma ɗorawa, yana kuka har asuba. Sanyin hunturu na tayar da shi, zafin watan Afrilu da ƙishirwa ma haka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2006 cewa a maƙwabciyarmu Najeriya kaɗai ana haifar yara kusan 150,000 da shi a shekara.

Ina CD73 ya shigo? A 2011, wato shekarar da aka gano shi yana kare jijiya, tawagar Yang Xia a Jami'ar Texas da ke Houston ta wallafa cewa adinosin ya yi yawa a jinin ɓeraye masu sikila da na mutane masu ita. Suka bi sawunsa, suka ga yana sauka a makarɓin A2B da ke jikin jar ƙwayar jini, ya sa ta ƙara wani sinadari mai suna 2,3-BPG, wanda aikinsa shi ne sa himogulobin ya saki oksijin da sauri. Ga lafiyayye wannan rahama ce. Tawagar ta nuna a 2016, a jinin masu sa kai da aka kai dutsen Chacaltaya na Bolibiya, sama da mita 5,200, cewa ta wannan hanyar jiki ke sabawa da ƙarancin iska. Wanda ya hau Emi Kusi a tsaunukan Tibesti, mai tsayin mita 3,415, ita ce za ta taimake shi. Amma ku tuna ƙwayar jinin mai sikila tana lanƙwashewa ne daidai lokacin da himogulobin ɗinta ya saki oksijin. Sai abin ya zama zagaye: jijiya ta toshe, ƙwayoyi su rasa iska su zubar da ATP, CD39 da CD73 su mayar da shi adinosin domin a kawo ɗauki, adinosin ya sa a ƙara sakin oksijin, ƙarin ƙwayoyi su lanƙwashe, jijiya ta ƙara toshewa. A 2018 suka nuna cewa CD73 ya ƙaru a ɓerayen, kuma da aka rage aikinsa lanƙwashewar ta ragu. Tun 2008 ma sun danganta yawan adinosin da wata matsala da samari masu sikila ke ɓoyewa don kunya, wato miƙewar gaba mai zafi da ke ƙin kwantawa. Tunda zancen ya zo, bari in faɗa a fili: wannan ciwo ne na gaggawa, ba a jira ya kai awa 4 kafin a tafi asibiti, domin jinkiri na iya kashe wa saurayi gabansa har abada.

Mai sauraro mai kaifin basira zai ce, ai magana ta ƙare: a toshe CD73, ko kuma, tunda kafeyin na tare makarɓan adinosin, a ba yaro goro ya tauna. Tambayar tana da ma'ana, amma ga abin da ya rushe ta. Adinosin ɗin da ke cutar da jar ƙwayar jini ta makarɓin A2B, shi ne dai ke kwantar da wasu fararen ƙwayoyin jini masu hura kumburi ta makarɓin A2A. Joel Linden da abokan aikinsa sun nuna a ɓeraye masu sikila cewa motsa A2A yana rage ɓarnar huhu. Wato wata tawaga na cewa a rage saƙon adinosin, wata na cewa a ƙara shi, kuma kowace tana da gaskiya a sashen jikin da ta duba. Kafeyin kuwa ba ya zaɓe, yana tare mai cutarwa da mai karewa tare, kuma babu gwajin da ya nuna goro ko shayi na maganin sikila. Wanda ya ce a toshe CD73 tsawon rayuwar yaro, sai ya tuna da ƙafafun 'yan uwan nan biyar. Sannan ɓera ba mutum ba ne. Da aka gwada wani magani mai motsa A2A, regadenoson, a kan masu sikila da ciwonsu ya tashi, sakamakon da aka wallafa a 2017 bai nuna ya rage musu zaman asibiti ko buƙatar maganin zafi ba, duk da kyan da ya yi a ɓera. Har maganin da ya riga ya shiga kasuwa ma bai tsira ba. Voxelotor, wanda ke sa himogulobin ya riƙe oksijin da ƙarfi, hikimarsa ta yi daidai da duk abin da muka bayyana, an amince da shi a Amurka a 2019, amma a watan Satumba na 2024 kamfanin Pfizer ya janye shi daga ko'ina, bayan bayanai sun nuna ƙarin tashin ciwo da mace-mace a cikin masu shan sa. In hikimar da ta ratsa ɗakunan bincike da hukumomi za ta iya faɗuwa haka, ina ga kwalbar da ba ta ratsa ko'ina ba?

Abin takaici, kuɗin binciken CD73 mafi yawa ba wajen sikila suke tafiya ba, wajen ciwon daji suke. Ƙari yakan lulluɓe kansa da CD73, ya cika kewayensa da adinosin, ƙwayoyin garkuwar jiki da suka zo yaƙarsa su ji saƙon a lafa su koma. Kamfanin AstraZeneca na da wani magani, oleclumab, mai toshe CD73, ana gwada shi a kan masu ciwon dajin huhu. Masu ciwon daji a ƙasashe masu arziki suna da mai biya musu, yaron Milezi ba shi da shi, kuma kasuwa ta san inda take kallo.

Akwai wani ƙorafin da ya fi wannan nauyi, daga masu maganin gargajiya da masu amfani da shi. Za su ce, kullum kuna kushe namu kuna ɗaukaka na Bature, alhali na Baturen ma daga itace aka samo da yawansa, ga shi kuma da bakinka ka ce nasu ma yana kisa. Rabin maganar gaskiya ne, kuma ma'aunin da nake kira a yi amfani da shi bai san Bature ko Bahaushe ba. Misali yana kusa da mu. Cibiyar binciken magunguna ta Najeriya da ke Abuja, a zamanin shugabancin Charles Wambebe, ta ɗauki wani haɗin gargajiya na sikila da ya ƙunshi masoro da kanumfari da karan dafi da wani itace, ta tace shi, ta daidaita adadinsa, ta sa masa suna Niprisan, ta gwada shi a kan marasa lafiya ana kwatanta su da waɗanda ba a ba su ba, aka wallafa a 2001 cewa ya rage yawan tashin ciwo. Gwajin ƙarami ne, yana buƙatar ƙari, amma hanyar da aka bi ita ce daidai. Kuma a lura, voxelotor an gano illarsa ne domin akwai masu ƙirga waɗanda suka sha da abin da ya same su. Mai tallan da ke zagaya kasuwa da lasifika yana cewa maganinsa na mayar da SS ya koma AA, wa ke ƙirga masa? Yaron da ya samu sauƙi, wanda dama ciwon kan lafa da kansa bayan kwanaki, shi za a kawo shaida. Wanda ƙodarsa ta lalace, gida za a yi zaman makoki a ce kwana ne ya ƙare. Rubutun gado yana cikin ƙwayoyin ɓargo da ke ƙera jini, abin sha ba ya goge shi.

Wani kuma zai ce, to in duk binciken CD73 bai ba mu magani ba tukuna, me muka ƙaru da shi? Mun ƙaru da sanin dalilin da ya sa ake cewa a jira gwaji, kuma akwai abubuwan da suka riga suka ci gwajin. Haidiroksiyuriya na cikinsu, kuma a ƙasar Hausa aka auna shi: likitocin Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da Asibitin Murtala a Kano da na Barau Dikko a Kaduna, tare da Jami'ar Vanderbilt, sun wallafa a 2022 gwajin da suka yi a kan yara masu sikila da ke cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki, inda shanyewar ta yi ƙaranci ko da a ƙaramin adadin maganin. Likita ne ke rubuta shi yana kuma duba jinin yaro lokaci-lokaci, ba a saye shi a teburin bakin hanya. Ga penisilin na kullum ga ƙananan yara, ga rigakafi, ga gidan sauro, ga ruwan sha isasshe musamman a bazara, ga rufe jiki a hunturu. Sai gwajin jini kafin aure, wanda jihar Kano ta mayar doka a 2024. A nan mutane kan rikice, don haka a saurara: takardar da ta ce jininka A ne ko B ko O, rukunin ƙarin jini take nufi, ba ta ce komai a kan sikila ba. Wadda ake nema ita ce mai nuna AA ko AS ko SS, a tambayi likita da wannan sunan a Asibitin Uwa da Yaro ko babban asibitin ƙasa. In AS ya auri AS, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS, kuma lissafin sabo yake komawa a kowane ciki. Haihuwar mai sikila ɗaya ba ta nufin ukun da za su biyo sun tsira.

Ga iyayen da yaron ya riga ya zo, abu ɗaya ya fi komai gaggawa. Sikila na lalata saifa tun yaro na ƙarami, saifa kuwa ita ke tace wasu ƙwayoyin cuta daga jini, shi ya sa zazzaɓin da wani yaro zai kwana da shi ya tashi garau yana iya kashe mai sikila kafin gari ya waye. In ma'aunin zafi ya nuna 38.5, ko numfashinsa ya yi sauri, ko tafin hannunsa da leɓensa suka yi fari fat, ko cikinsa ya kumbura ta hagu, ko hannu ko ƙafa ɗaya ta saki, ranar ake kai shi asibiti, ko da dare ne, a kuma gaya wa ma'aikacin da ya fara karɓarsa cewa yaron SS ne.